Wardin Sham: Asalinsa Da Halinsa, Da Ko Zai Karɓi Ƙasar Kura

Wani manomi daga ƙasar Kura ya rubuto mana takarda. Ya ce Allah ya nufe shi da zuwa Makka, a can ya sayi wata 'yar kwalbar man wardi wadda ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, amma da aka faɗa masa kuɗinta sai da ya sake tambaya, yana tsammani bai ji daidai ba. Mai kantin ya gaya masa daga Ɗa'ifa a ke kawo shi, kuma noman furen a ke yi a can kamar yadda mu ke noman tumatir a nan. Shi ne ya ke tambaya, tun da ga ruwan Tiga yana wucewa ta bakin gonarsa, me zai hana ya ware eka guda ya dasa wannan fure mai tsada?

Tambayar ta yi kyau, kuma mun tabbata ba shi kaɗai ke da ita a zuci ba. Saboda haka a wannan mako za mu ba da labarin furen nan tun daga tushe, domin kowa ya auna da kansa kafin ya sa kuɗinsa. Amma bari mu faɗi gindin maganar tun yanzu. Wardin Sham yana son ruwa, gaskiya ne, amma abin da ya fi bukata shi ne sanyi, sanyi kuwa ba a jawo shi ta hanyar ruwa.

WANE FURE NE WANNAN?

Wardi iri-iri ne, ya fi dubu. Masu lambun fure na Turai sun kasa shi gida biyu, tsohon iri da sabon iri, iyakar da ke tsakaninsu kuwa ita ce shekarar 1867. A wannan shekara ce wani Bafaranshe mai suna Guillot, mutumin birnin Liyon, ya fito da wani sabon wardi da ya sa wa suna La France. Daga irinsa ne aka sami yawancin wardin da mu ke gani yau a hotuna da wuraren biki, mai dogon kara da babban fure guda a kai. Duk dangin wardin da aka sani kafin wannan shekara su a ke kira tsofaffin wardin lambu.

Sabon iri ya fi kyaun gani, yana fure kusan kowane lokaci, amma da yawa daga cikinsa in ka kai hanci ba ka jin kome. Tsohon iri kuwa ƙanshi shi ne dukiyarsa. A cikin tsofaffin nan babu wanda ya kai wanda Larabawa ke kira wardin Sham, ko wardin Dimashƙu. Shi ne uban ruwan wardin da a ke sayarwa a kasuwanninmu, shi ne kuma a ke nomawa a Ɗa'ifa.

DAGA INA YA FITO?

Ko da ya ke sunan Sham ya ke ɗauke da shi, ba a samun wannan fure ya tsiro da kansa a daji, ko a Sham ko a wani wuri. Ɗan lambu ne tun fil azal. A shekarar 2000 waɗansu masana uku na ƙasar Japan suka bincika ƙwayar halittarsa, suka tarar jinin wardin daji iri uku ne ya gauraya a jikinsa. Ɗaya daga cikin ukun nan a duwatsun tsakiyar Asiya ya ke fitowa, inda ƙanƙara ke sauka kowace shekara. Wannan ya sa masana suka fi karkata ga cewa a wajajen ƙasar Farisa da gabashinta aka fara samunsa, daga baya ya iso Sham, inda Turawa suka gan shi suka sa masa sunan garin. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta ƙanƙara, don za mu komo kanta.

Mutanen Farisa, watau Iran ta yanzu, sun daɗe da sanin darajarsa, har suna kiransa furen Muhammadi. Ibn Haldun, a cikin littafinsa na Muƙaddima, ya kawo lissafin harajin da a ke kai wa baitulmalin Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. A cikin abin da lardin Farisa ke biya kowace shekara, ban da kuɗi, har da kwalabe 30,000 na ruwan wardi. A cikin wannan ƙarni ne kuma malamin nan na Bagadaza, Alkindi, ya rubuta littafi a kan haɗa turare da yadda a ke tatso shi da tururi. Ibn Sina, babban likitan nan da ya rasu a 1037, shi ma ya ambaci wardi a cikin magunguna. Sa'ad da Salahuddin ya karɓe birnin Ƙudus a 1187, masu tarihi sun rubuta cewa da ruwan wardi aka wanke Dutsen nan mai alfarma da ke ƙarƙashin ƙubba.

A dā ruwan kawai aka fi sani. Game da man kuwa, Sarkin Indiya Jahangir, wanda ya yi sarauta daga 1605 zuwa 1627, ya rubuta da kansa cewa surukarsa ce, uwar matarsa Nur Jahan, ta lura da wani ɗan maiƙo da ke tasowa bisa ruwan wardi mai zafi. Ta riƙa yaɗe shi kaɗan kaɗan tana tarawa, sai ga turaren da ɗigo ɗaya ke cika ɗaki.

INDA A KE NOMANSA YAU

Turkawa ne suka kai shi ƙasar Balgeriya sa'ad da su ke mulkinta, ya sami wani kwari a gindin duwatsu kusa da garin Kazanlak ya zauna, har yanzu kuwa Kwarin Wardi a ke kiran wurin. Daga can aka komo da shi Isparta ta ƙasar Turkiyya wajen ƙarshen ƙarni na 19. Waɗannan ƙasashe biyu su ne kan gaba wajen sayar wa duniya man wardi. Iran kuwa ta yi suna wajen ruwan wardi, musamman garin Ƙamsar da ke kusa da Kashan. A Maroko akwai Kala'at Maguna, a gindin duwatsun Atlas, inda a ke bikin wardi kowane watan Mayu, mutanen wurin kuma suna cewa alhazai ne suka zo musu da irin daga Makka. A Sham kanta akwai ƙauyen Almarah, wanda hukumar UNESCO ta sa sana'arsa ta wardi a cikin jerin al'adun gadon duniya a shekarar 2019.

Sai Ɗa'ifa, wadda mai tambayarmu ya ambata. Wanda bai je ba ya kan ɗauka duk ƙasar Makka zafi ce, alhali kuwa Ɗa'ifa a kan dutse ta ke, tsayinta daga bakin teku ya kusa mita 1,900, gonakin wardin ma a tuddan Hada da Shafa su ke, inda dari ke tsananta. A watannin Maris da Afrilu a ke tsinke furen. Da irin wannan turare, tare da ruwan Zamzam, a ke wanke cikin ɗakin Ka'aba.

To, duba wuraren nan da muka lissafta. Kowannensu ko dai yana kan tudu mai tsawo, ko kuwa yana ƙasar da a ke yin sanyi mai tsanani wata biyu ko uku a shekara. Ba haka kawai abin ya faru ba.

KAMANNINSA DA HALINSA

Wardin Sham ɗan itace ne mai rassa da yawa daga gindi, kamar lalle in an bar shi ya yi duhu. Tsawonsa ya kan kai na mutum, wani lokaci ya ɗara. Jikinsa duk ƙaya ne, manya masu lanƙwasa da ƙanana masu kama da gashi, saboda haka a waɗansu ƙasashe da shi a ke shinge. Ganyensa kore ne mai toka-toka, biyar biyar a kan sanda guda, wani lokaci bakwai, bayansa da ɗan laushi. Furen ruwan hoda ne, ba guda ɗaya ya ke fitowa ba, sai dai uku ko biyar ko fi a kan reshe, kowane fure kuma yana da 'yan ganyaye wajen talatin. Wuyan furen ba shi da ƙarfi, ya kan sunkuya, kwana kaɗan kuma ya zube. Don haka ba ya yin amfani ga masu sayar da fure na ado.

Halinsa na farko da ya kamata manomi ya sani shi ne, sau ɗaya ya ke fure a shekara, kwanakin furen kuwa ba su wuce talatin zuwa arba'in. Sauran watanni goma sha ɗaya sai ban ruwa da noma da taki, ba ko kwabo mai shigowa.

Na biyu, sai ya yi barci kafin ya yi fure. In dari ya shiga, ya kan zubad da ganye ya tsaya cik kamar ya mutu. A cikin wannan hutu ne idanun da ke jikin rassa ke shirin zama fure. In bai sami sanyin da ya ishe shi ba, sai ya yi ta toho da ganye kore shar, mai gona yana murna, amma lokacin fure ya zo ya wuce ba a ga abin kirki ba. Gadon kakansa na duwatsun ƙanƙara ke nan.

Na uku, ba a shuka shi da ƙwaya. In ka shuka ƙwayarsa, abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba. Reshe a ke yanka a dasa, kamar rogo ko rake, ko kuwa a cire 'ya'yan da ke tsirowa daga saiwa. Masana sun gwada wanda a ke nomawa a Balgeriya da na Turkiyya sun tarar ba su da bambanci ko kaɗan, watau duk itace guda ne aka yi ta yanka ana miƙa wa juna, hannu zuwa hannu, shekaru ɗaruruwa.

Na huɗu, ba shi da gaggawa. Sai a shekara ta uku ya ke fara ba da amfani sosai, amma in ya sami kulawa ya kan yi shekara ashirin ko fi yana bayarwa.

YADDA A KE FID DA MAN

Ƙanshin wardi wani mai ne da ke cikin ganyayen furen, rana kuwa na taɓa shi sai ya bi iska. Saboda haka tun da asuba a ke shiga gona, a tsinke furen da hannu ɗaya bayan ɗaya, kafin hantsi ya ɗaga an tashi. Furen da aka tsinka da safe ba ya kwana, a ranar a ke dafa shi. A kan zuba shi cikin babbar tukunyar jan ƙarfe tare da ruwa, a rufe a liƙe, a hura wuta. Tururin ya bi ta wani bututu da ke ratsa ruwan sanyi, ya koma ruwa, ya ɗiga cikin kwalba. Wannan shi ne ruwan wardi. Ɗan maiƙon da ke tasowa a bisansa shi ne man.

Ga inda lissafin ya ke. Kafin a sami kilo ɗaya na man wardi sai an dafa fure kilo 3,000 zuwa 4,000, watau fure fiye da miliyan ɗaya, kowanne da hannu aka tsinke shi. A ƙasashen da ya fi karɓa ma, hekta guda, watau eka biyu da rabi, abin da ta ke bayarwa a shekara bai cika wuce kilo ɗaya ko ɗaya da rabi na mai ba. Wanda ya ji haka ya san dalilin tsadar 'yar kwalbar nan. Ya kuma san dalilin da ya sa algus ya yi yawa a cikinsa, har yawancin ruwan wardi mai araha da ke kanti ruwa ne kawai da aka ɗiga wa ƙanshin da aka haɗa a masana'anta. Wata alama ta man gaskiya ita ce, in sanyi ya kama shi ya kan yi kauri ya daskare, in ka riƙe kwalbar a tafin hannu kuma ya narke.

TO, ƘASAR KURA FA?

Tun da aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, manoman Kura da Bunkure da Garun Malam suka sami abin da kakanninsu ba su samu ba, watau ruwa da rani. Da shi a ke noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Ta wajen ruwa kam, wardi ba zai yi kuka ba. Amma akwai abu uku da ke gabansa.

Na fari shi ne ƙarancin sanyi. Ƙasarmu tsayinta daga bakin teku wajen mita 500 ne, bai kai sulusin na Ɗa'ifa ba. A tsakiyar hunturu, watannin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi ya kan sauko wajen digiri 13 da dare, amma da rana ta fito sai ya koma kusan 30. Wannan ya ishi alkama, amma ga wardin Sham barcin rabin ido ne.

Na biyu shi ne zafin bazara. Kowane manomin alkama ya san abin da ke faruwa in ya yi lattin shuka ya wuce farkon Disamba: zafi ya tarad da ita tana fid da kai, ƙwayar ta tsotse. Haka wardi. Lokacin da ya saba fure a Ɗa'ifa, Maris da Afrilu, shi ne lokacin da zafi ke kai digiri 40 a wurinmu. Furen zai fito ƙanana, ya buɗe da wuri, man kuma ya tsere tun kafin a kai shi tukunya.

Na uku shi ne ƙasar kanta. Wardi ba ya son saiwarsa ta kwana cikin ruwa, ba ya kuma shiri da gishiri ko kanwa. Waɗansu gonakin da ke cikin shirin ban ruwan nan, musamman na kwari inda aka daɗe ana shinkafa, ruwa ya taso kusa da sama, har a kan ga farin gishiri a bisa ƙasa da rani. Irin wannan wuri kabari ne ga wardi. Ga kuma gara, wadda ba ta raina ɗanyen dashe, ga baƙin tabon da ke kama ganye in damina ta yi nisa.

Masu noman wardin ado a Afirka ma tudu su ke nema. Na Kenya suna gefen tabkin Naibasha, wajen mita 1,900, na Habasha su ma a kan tuddai. A ƙasarmu kuwa, Jos da ke wajen mita 1,200 da tsaunin Mambila sun fi Kano dacewa da kowane irin wardi nesa ba kusa ba.

AKWAI ƊANSA MAI JURE ZAFI

Duk da haka ƙofa ba ta rufe ruf ba. A cikin dangin wardin Sham akwai wani da ke sake fure bayan na farko. A tsibirin Reyuniyon, gabas da Madagaska, manoma sun kasance suna shinge da shi tare da wani wardin ƙasar Sin mai fure kullum. Wajen shekarar 1817 aka tarar da wani sabon tsiro a cikin shingen, wanda ya ɗauko ƙanshin Sham da naci irin na Sin. Shi ne a ke kira wardin Edward. A yau ana nomansa da yawa a kudancin Indiya, a ƙasa mai zafi wadda ba ta san dari ba, yana fure yawancin watannin shekara. Mansa bai kai na ubansa daraja ba, amma ana yin ruwan wardi da shi, ana kuma haɗa furen da sukari a yi abin lasa. In akwai tsohon wardin da ya cancanci a fara gwadawa a ƙasar Kano, to wannan ne.

Indiyawan arewa kuma, a wajajen Aligar, suna noman wardin Sham na ainihi a fili ba a kan dutse ba. Sanyinsu ya fi namu, amma suna taimaka masa da dabara, su datse rassa a lokacin dari don su tilasta masa hutawa.

SHAWARA GA MAI SON GWADAWA

Kada ka ware eka. Fara da gindi goma ko ashirin a gefen lambu, inda in sun mutu ba za ka rasa abincin gida ba.

Kada ka ɓoye reshe a cikin kayanka daga wata ƙasa. Doka ta hana shigo da tsiro sai da izinin hukumar da ke duba lafiyar tsirrai, domin ta haka cututtukan gona ke shiga ƙasa. Fara neman iri wurin masu lambun fure na gida, ka zaɓi wanda ka sansana da hancinka ka ji ƙanshi, ba wanda aka nuna maka a hoto ba.

Yanki reshe mai kaurin fensir, tsawon taƙi guda, ka kafa shi cikin yashi da ruɓaɓɓen taki a inuwa, a farkon sanyi. In ya yi saiwa, ka dasa shi a jigawa mai shanye ruwa, a kan kunya mai tudu, inda zai sami ranar safe, inuwa kuma ta rufe shi da azahar. Ba shi ruwa a gindi, kada ka cika masa fangali kamar shinkafa. Taki sai wanda ya ruɓe sarai, gama ɗanye gara ya ke kira. Ka yi masa shinge, don akuya ba ta tsoron ƙayarsa.

Daga shekara ta biyu, in damina ta ɗauke a watan Oktoba, ka hana shi ruwa mako biyu ko uku har ganye ya fara zuba. A farkon Nuwamba ka datse rassan, ka zuba taki, sa'an nan ka koma ban ruwa. Wardin Sham ya kan yi fure wajen wata biyu da rabi zuwa uku bayan datsa, ka ga ke nan furen zai faɗo a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, kafin zafi ya sauka. Ka riƙa rubuta ranar datsa da ranar fure da yawan abin da ka tsinka, ka nuna wa Malamin Gona, ko ma'aikatan tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kadawa.

In ka sami fure ko da cikin kwano ɗaya ne, uwargida tana iya fid da ruwan wardi a madafa. A sa dutse mai tsabta a tsakiyar tukunya, a ɗora ƙaramin kwano a kansa, a zuba furen kewaye da dutsen tare da ruwa kaɗan. A kifa murfin a juye, a zuba ruwan sanyi a bisansa, a riƙa sakewa in ya yi ɗumi, wuta kuwa kaɗan kaɗan. Abin da ya ɗiga cikin kwanon shi ne ruwan wardi na gaskiya.

Daga ƙarshe muna tuna wa mai tambayarmu cewa kowace ƙasa da abin da Allah ya hore mata. Zafin nan da ke korar wardin Sham shi ne abin da lalle da yakuwa ke so. Soɓorodon da a ke shanyawa a ƙasashen Kano da Jigawa har Meziko a ke kai shi, kasuwarsa kuwa a buɗe ta ke, ba sai an jira shekara uku ba. Saboda haka babbar gona a bar wa abin da ya san ƙasar, wardi kuwa a ba shi gefen lambu har ya nuna halinsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, amma sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya gwada, ya rubuto mana abin da ya gani, ko ya yi ko bai yi ba, don 'yan'uwa manoma su ƙaru. Allah ya ba mu albarkar noma, amin.